Haladu Hisabi da Bijimin Watanda

A zamanin fam da sule, lokacin da kwabo guda ke saya wa mutum furar da za ta riƙe shi har la'asar, an yi wani mutum a Gangaren Tsamiya, wani ɗan ƙauye a gindin duwatsun Roni, ana ce masa Haladu Hisabi. Kada ku zaci mutanen gari ne suka raɗa masa wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma bi zaure-zaure yana sanarwa don kada wani ya manta.

Asalin abin kuwa, rani biyu ya yi a Kazaure yana sayar da rake a gindin tagar ɗakin shari'a. In ana rabon gado a ciki, hannunsa na kankare rake, kunnensa na kan taga. A nan ya tsinci cewa sulusi ɗaya cikin uku ne, rubu'i ɗaya cikin huɗu, sudusi ɗaya cikin shida. To, yadda ake haɗa su wuri guda, wannan a takarda malamai ke yi, ba a jin sa ta taga. Sai Haladu ya ƙago tasa hanyar. In an ce masa rabi da sulusi, sai ya gyara zama ya ce, “Ɗaya cikin biyu da ɗaya cikin uku ke nan. Ɗaya da ɗaya, biyu. Biyu da uku, biyar. Biyu cikin biyar, an gama!” Ya tafa hannu, ya dubi jama'a yana jiran a yi mamaki. Abin da ke ba ni haushi da shi, wallahi ko sau ɗaya bai taɓa gwadawa da goro ya gani da idonsa ba.

Gidansa dai ba hisabi ke ciyar da shi ba, jaki ne. Matarsa Kaltume na yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma da kwasar adashinta ta sayi wani baƙin jaki ta sa masa suna Duna. Duk ranar kasuwar Roni sai ta ɗora masa kaya ta kora shi, da yamma su dawo da dawa da gishiri da kuɗin cefane. In Duna ya yi tari, Kaltume ba ta samun sukuni. In Haladu ya yi, cewa take ya sha ruwa.

Kowace shekara ranar jajibirin ƙaramar Sallah mutanen garin kan yi watanda. A haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, mahauci ya kasa naman kashi-kashi daidai da juna, kowa ya biya ya ɗauki kashinsa. Mai unguwa Muhammadu Lawal ne ke ɗaukar nauyin abin tun gemunsa na baƙi. A wannan shekara ciwon ƙafa ya hana shi zuwa ruga, sai ya tara magidanta a zaurensa ya tambaya ko wa zai ɗauka. Bai rufe baki ba Haladu ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, ai tuni ya kamata. Shekara da shekaru muna rabon nama da ido, sai ka ce ba a taɓa saukar da ilmi a duniya ba. Bana da hisabi za a yi. Kowa ya faɗi kasonsa da sunansa, mai rabi, mai sulusi, mai rubu'i, irin yadda muke yi a Kazaure.”

“Ku da wa?” in ji Sama'ilu maɗinki.

“Mu da alƙali mana.”

“Shi yana ciki, kai kana waje da rake.”

“Tagar a buɗe take,” in ji Haladu.

Mai unguwa ya duba ko wani zai tashi, ba wanda ya motsa, don azumi ya yi nisa, ba mai son tafiyar ruga a rana. Sai ya ce, “To, Haladu, ka san al'adar garin nan. Wanda ya ɗauki watanda yakan ɗaure jingina a gidana. In an tashi lafiya ya kwance abinsa. In kuɗin wani ko naman wani ya maƙale, da ita ake biya. Me za ka ɗaure?”

“Duna, ranka ya daɗe.”

“Ba jakin Kaltume ba ne?”

“Tsakanin mata da miji, ai rabinsa nawa ne.”

“Wane rabin?” in ji Sama'ilu. “Mai kukan ko mai harbin?”

Zaure ya ɗauki dariya. Haladu ya yi kamar da wani ake.

Kaltume na cikin matsar mai sai ta hango shi yana kwance igiyar jaki a turke.

“Malam, ina za ka kai mini shi?”

“Zai ɗan yi kwanaki a gidan mai unguwa. Girma ne ya same shi.”

Ta ajiye muciya. “Jingina ka ba da shi?”

“Ke, har yau ba ki san wanda kike aure ba. Ranar Sallah sai kin rasa tukunyar zuba nama.”

“Ni ban ce maka ina son nama ba. Ni dai jakina.”

Ya ja Duna ya fita, jakin na turjewa, yana waiwayen gida.

Washegari ya nufi rugar wani Bafulatani mai suna Hamma, can bayan dutse. Hamma ya zaga da shi cikin garke, ya nuna masa wani farin bijimi mai tozo, wanda in ya taka ƙasa sai ka ji a ƙirjinka. Makiyaya suka taru, don sun ji an ce masanin Kazaure ne ya zo.

“Malam Haladu,” in ji Hamma, “bijimin nan ba nawa ne ni kaɗai ba. In an sayar, rabin kuɗin na tsohona ne, sulusi na yayata Adda, ni kuma abin da zai rage mini sule goma sha biyu ne. Kuɗinsa duka ke nan zai kama…”

“Tsit!” Haladu ya ɗaga hannu. “Kada ka faɗa. Ni ba a gaya mini kuɗin abu, ni nake gaya wa mutane.”

Ya tsuguna, ya ɗauki kara yana zane a ƙasa, leɓensa na motsi. Rabi da sulusi, biyu cikin biyar sun tafi. Saura uku. Ukun nan su ne sule goma sha biyu, kowane ɗaya huɗu ke nan. Huɗu sau biyar, ashirin. Sule ashirin, fam guda cif! Wannan ƙaton bijimi a fam guda! Dariya ta taso masa, ya danne ta da tari, ya yi sauri ya share zanen da ƙafa don kada wani ya gani ya faɗakar da Hamma.

“Na gane kuɗin. Na saya.”

Hamma ya yi turus. “Ba za ka nemi ragi ba?” Shi da ma ya ɗan ɗaga kuɗin ne don a yi ciniki.

“Ragi? Ni ba na zaluntar makiyayi. Sallama mini kawai.”

“Na sallama. Allah ya sa albarka.”

Suka tafa. Aka shirya Hamma zai kawo bijimin da safiyar jajibiri ya ɗaure a gindin tsamiya, ya koma ya shayar da shanu, bayan azahar ya zo ya karɓi kuɗinsa. Haladu ya juyo gida yana tausayin Fulani. Su kuma makiyayan suka bi shi da kallo suna cewa ba su taɓa ganin Bahaushe mai kirki irin wannan ba.

Da ya iso ƙofar mai unguwa, sai da ya bari mutane suka taru sannan ya yi magana. Ya ɗora wa kansa ribar sule huɗu a zuci, ya ce, “Bijimi fari, mai tozo. Fam guda da sule huɗu.”

Halliru mahauci, wanda shi ke yanka duk shekara, ya ce, “Farin bijimin Hamma? Haladu, ko maraƙin da aka haifa jiya ka gani?”

“Shi dai, wanda ka sani. Na ɗaure Bafulatani da hisabi, ko motsi bai yi ba.”

“Anya kuwa?”

Amma fa in arha ta shigo zaure, “anya” ba ta daɗewa. Maikasuwa, attajirin garin mai rumfar tufafi, tuni hannunsa ya kai aljihu.

“Rabi nawa ne?”

“Sule goma sha biyu.”

“Na ɗauka.” Ya zube kuɗin kafin wani ya farka.

Sama'ilu maɗinki, duk da tsokanarsa, gidansa cike yake da bakuna. Ya ɗauki sulusi, ya biya sule takwas. Sai ga Dela, tsohuwar da ke riƙe da adashin matan garin, ta tsaya daga bakin zaure ta ce mata sun haɗa kuɗi, rubu'i suke so. Ta miƙo sule shida a ƙulle a bakin zane, ciki har da sisin Kaltume.

Haladu ya sake tsugunawa da kara. Can sai ya zabura.

“Allahu Akbar! Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Ɗazu da na sayar da rabi da sulusi, uku cikin biyar suka rage mini. Yanzu da Inna Dela ta ƙara rubu'i: ɗaya, ɗaya, ɗaya, uku, biyu da uku da huɗu, tara. Uku cikin tara kaɗai na sayar! Shida cikin tara nawa ne! Ina sayarwa yana ƙaruwa!”

“Naman ke ƙaruwa?” in ji Halliru.

“Da akwai sauran masu saye, da sai mun rasa wurin taka ƙafa a garin nan.”

Mai unguwa ya shafa gemu ya ce, “Allah ya nuna mana.”

Kuɗi suka kama sule ashirin da shida. Haladu ya ware ashirin na Hamma ya ƙulle a tsumma, ya ɗauki shidan ya tafi rumfar Maikasuwa ya sayi rawani, don ya ce bai kamata mai rabon hisabi ya tsaya gaban jama'a da hula ba. Daga nan ya shiga shirin naman da zai rage masa. Kilishi zai yi, ya kai Kazaure. Da kuɗin kilishi baɗi zai sayi bijimai uku. Kafin shekara ta uku labari ya kai kunnen manya, a aiko a ce ya zo ya zauna ta cikin tagar nan.

Ana gobe jajibiri Kaltume ta dawo daga rijiya ta tarar ya cire zanar da ta kare tsakar gidansu ya shimfiɗa a kan itatuwa, wai wurin shanyar kilishi. Duk mai wucewa yana ganin har cikin madafarta. Ta leƙa ɗaki, ta tarar tunkuzar da ta ajiye don ƙuli-ƙulin Sallah, ya dama ta kaf da yaji a cikin babbar ƙwarya.

“Malam! Me na yi maka a duniya?”

“Gobe za ki gode mini.”

“Ka tsiraita mini gida, ka dama mini jari, tukuna ko ƙashi ban gani ba.”

“Shida cikin tara, Kaltume. Kin san yawan shida cikin tara?”

“Ban sani ba, ba na kuma so in sani. Ni dai jakina.”

Gari ya waye, jajibiri. Hamma ya kawo bijimi ya ɗaure ya tafi. Mutane suka cika gindin tsamiya da ƙorai da akusa. Sai ga Haladu, ya naɗa rawani har ya rufe masa ido ɗaya, bayansa wani maroƙi da ya yi wa alkawarin cinya guda.

“Ga Haladu mai hisabi! Wanda ya sayi giwa da kuɗin akuya! Na Kaltume, ba ka ƙirga da yatsa!”

Halliru da samari suna shirin kayar da sa, Haladu ya ce su dakata, shi zai riƙe igiyar kai, don ya san inda nauyin dabba yake a lissafe. Bijimi ya dube shi sau ɗaya, ya kaɗa kai. Ƙaho ya ɗauko jelar rawani, igiya ta ɗauko Haladu, sai ga masanin Kazaure yana zagaya tsamiya da gwiwa, yana kiran sunan Allah. Da ƙyar samari suka kayar da san. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya maida rawani, ya ce, “Da ma so nake in gajiyar da shi.”

Aka yanka, aka feɗe. Halliru ya ɗago kai ya ce, “Kashi nawa?”

“Tara.”

Halliru ya kasa tara a kan ganye. Haladu ya zagaya su, hannu a baya, ya tsaya. Ya nuna kashi ɗaya. “Maikasuwa, ga ɗaya cikin biyunka.” Ya nuna wani. “Sama'ilu, ɗaya cikin ukunka. Inna Dela, ga ɗaya cikin huɗunku. Kai Halliru, a kai sauran shidan gidana.”

Maikasuwa ya matso, ya dubi kashinsa, ya dubi Haladu.

“Wannan ne rabin sa?”

“A hisabi, shi ne.”

“Haladu, ina azumi, kada ka sa in faɗi abin da zai karya mini shi. Sa yana da cinya biyu. Ina tawa?”

“Kuma ni da na biya takwas da shi da ya biya sha biyu, kashinmu ɗaya?” in ji Sama'ilu. “Wane irin alƙali ne ya koya maka wannan?”

“Ku ba ku gane ba ne. Abin yana da zurfi.”

“To, fito da mu daga cikinsa!” in ji Dela.

Hayaniya ta kaure. Wannan na jan ganye, wancan na jan ƙwarya, karnuka suka matso su ma ko za a yi da su. Mai unguwa, wanda aka ɗauko aka zaunar a kan buzu, ya buga sandarsa a ƙasa.

“Halliru, haɗe naman nan. Kasa shi shida yadda ka saba, kowa ya ɗauki abin da ya saya muna gani.”

Halliru ya haɗe, ya kasa shida. Maikasuwa ya ce rabin shida uku ne, ya sa aka kwashe masa uku. Sama'ilu ya ce sulusin shida biyu ne, ya kwashe biyu. Kashi ɗaya tak ya rage a kan ganye, ƙuda na zagaya shi.

Dela ta riƙe ƙugu. “Wannan ne rubu'inmu? Mu mata goma sha biyu? Haladu, ko lasa za mu riƙa yi bi da bi?”

“Cinyata fa?” in ji maroƙi.

Haladu bai ji su ba. Ya zuba wa ɗan kashin nan ido. An cire rabi, an cire sulusi, ga abin da ya rage. To, ai haka Hamma ya ce: rabi na tsohonsa, sulusi na Adda, abin da ya rage nasa. Ashe wannan ɗan kashi shi ne sule goma sha biyun Hamma. Irinsa shida kuma suka yi bijimin. Ya cusa hannu cikin riga yana ƙirgawa da yatsu don kada a gani. Sha biyu sau shida, saba'in da biyu. Ya sake. Saba'in da biyu dai, ko kwabo bai ragu ba. Tun da aka haife shi wannan ne lissafin farko da ya yi daidai, kuma ba wanda yake so ya gaya wa. Gumi ya karyo masa ta ƙarƙashin rawani.

Yana cikin tunanin ko ya ce zai zaga bayan gari, sai ya ji sallama. Hamma ne, da sanda a kafaɗa, fuska a sake.

“Malam Haladu, an yanka lafiya? Tsohona na gaishe ka. Ya ce irinku ba su da yawa.”

Haladu ya zaro tsumma ya miƙa masa. Hamma ya kwance, ya ƙirga, ya ɗago kai.

“Fam guda. Kafin alƙalami ne wannan?”

“Wato… a wani ƙaulin na hisabi…”

“Nawa ne kuɗin bijiminka, Hamma?” in ji mai unguwa.

“Fam uku da sule goma sha biyu, ranka ya daɗe. Ranar nan na buɗe baki zan faɗa, ya ce mini tsit.”

Aka ɗauki salati. Wata mata ta saki ƙwarya. Maroƙi, da ya ga ba cinya, sai ya juya harshe nan take: “Ga Haladu mai hisabi! Wanda ya sayi giwa bai tambayi kuɗinta ba! Na Kaltume, da ka ƙirga da yatsa!”

“To, a fasa cinikin,” in ji Haladu da ƙaramar murya. “A mayar masa da abinsa.”

Hamma ya dubi fatar da aka shanya a reshe, ya dubi kan da ke jingine a saiwa. “In ka tashe shi ya biyo ni, na yarda.”

Mai unguwa ya sake buga sanda. Ya ce tunda an yanka, ba batun fasawa. Duk wanda ya ɗauki nama ya ninka abin da ya biya, don kowa ya san a ransa ba a sayen bijimi da kuɗin tunkiya, kwaɗayi ne ya rufe bakinsu. Maikasuwa ya fara gunaguni, mai unguwa ya ce in bai yarda ba a tafi gaban alƙali a Roni, ya biya cikakken kuɗin rabin sa. Nan da nan Maikasuwa ya zaro sha biyu. Sama'ilu ya ƙara takwas. Dela ta ce, “Mu aka ƙwara, mu kuma za mu ƙara?” amma ta aika aka tattaro shida, Kaltume ta sake ba da sisi. Da fam gudan farko, kuɗi suka kama sule arba'in da shida. Saura ashirin da shida.

“Rawanin nan nawa ka saye shi?” in ji mai unguwa.

“Shida, ranka ya daɗe.”

“Maikasuwa, karɓi abinka ka ba Hamma shida.”

“Ya sha gumi fa, ga kuma hujin ƙaho.”

“Kai ma ka sha arha. Karɓa.”

Sama'ilu ya kama jelar rawani yana ja, Haladu na juyawa a tsakiyar fili kamar mazari, har kansa ya fito fili, ba ko hula. Yara suka faɗi ƙasa don dariya.

“Saura fam guda,” in ji mai unguwa. Muryarsa ta yi ƙasa. “A kwanto jakin.”

Dariya ta ɗauke. Aka jawo Duna. Hamma ya duba haƙoransa da kofatonsa, ya ce ya karɓa a fam guda, da ma Adda na neman abin ɗaukar nono zuwa kasuwa. Kaltume ta ratso mutane ta zo. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta shafa wuyan jakin, ta ce wa Hamma, “Ba ya son a ɗora masa kaya bai sha ruwa ba. Kuma kada a doke shi a kunne, magana yake ji.” Ta goge ido da bakin mayafi. Wallahi duk wanda ke wurin sai da ya ji tausayinta, har Maikasuwa.

Shi kuwa gogan, da ya ga an yi shiru, sai ya ga dama ta samu ta gyara suna. Ya yi gyaran murya.

“Jama'a, don kada a tafi da kuskure. Hisabin nan daidai yake. Bijimin ne bai kai ba.”

Kaltume ta juyo a hankali. “Malam, ka tabbata daidai yake?”

“Har gobe.”

“Baba mai unguwa, kun ji. Ku shaida.”

Aka yi Sallah. Gidan Haladu tsoka uku suka samu daga kason mata, ga ƙwaryar tunkuza ta yi tsami, ga tsakar gida a buɗe. Kaltume ta ranto gyaɗa wurin Dela, ta soya, ta matse, ta yi ƙuli-ƙuli.

Ranar kasuwar Roni da safe ta fito da kaya ƙofar gida, lokacin da masu tafiya kasuwa ke wucewa. Ta jera garwar mai, da buhun ƙuli-ƙuli, da kwandon kwalabe. Ta sa aka kira mai unguwa da Sama'ilu da Dela, sannan ta leƙa zaure.

“Malam, fito ka taimake ni da hisabi, kaina ya kulle.”

Jin an ce hisabi, Haladu ya fito da sauri yana gyara hula.

“Kayan nan da Duna ke ɗauka ne, yau sai mu raba ni da kai. Garwar nan ita ce rabin nauyin. Buhun nan sulusi. Kwandon nan sudusi. In an haɗa ukun, nawa ke nan?”

Bakinsa ya riga hankalinsa. “Sauƙi! Ɗaya, ɗaya, ɗaya, uku. Biyu da uku da shida, goma sha ɗaya. Uku cikin goma sha ɗaya!”

“Saura nawa?”

“Takwas.”

“To, madalla. Kai ɗauki ukun nan, tunda ba ka saba ba. Ni zan ɗauki takwas ɗin da suka rage.”

Sama'ilu ya ɗora masa garwa a ka. Dela ta ɗaura masa buhu a baya. Aka rataya masa kwando a hannu. Haladu ya leƙo ta ƙarƙashin garwa yana neman takwas ɗin Kaltume. Ba komai a ƙasa sai 'yar tsumagiyar da take kora Duna da ita. Ya buɗe baki, ya ga mai unguwa na kallonsa yana shafa gemu, sai ya rufe.

Kaltume ta sunkuya ta ɗauki tsumagiya, ta gyara mayafi. Suka kama hanya, shi a gaba, ita a baya. A hawan dutse suka gamu da Adda a kan Duna, jakin ya tsaya ya yi kuka mai tsawo, ko gaisuwa ce ko dariya, Allah masani.

Wani mai wucewa ya ce, “Kai, Haladu, wannan kaya haka?”

“Ai ni kaɗan na ɗauka,” in ji Haladu yana haki. “Mai yawan na wurinta.”

Ya ɗan tsaya zai huta a inuwa. Kaltume ta yi masa irin tsakin da take yi wa Duna in ya tsaya cin ciyawa a hanya. Haladu ya ƙara sauri.